Murhun da Baba Ya Ba Auta

Mahaifinmu kuku ne. Ya yi shekaru yana dafa wa wata Baturiya abinci a asibitin mishan da ke kusa da ƙauyenmu, can kudancin Borno, inda duwatsu suka fi gonaki yawa. Ita nas ce, ba miji ba ɗa, sai wani tsohon kare da ke kwana a bakin ƙofarta. A kicin ɗinta na fara ganin murhun gas. Fari ne fat, mai kawuna huɗu, yana tsaye kan gajerun ƙafafu, tsayinsa ya kai ƙirjina a lokacin. A ƙasansa akwai ɗan ɗaki mai ƙofa inda ake gasa burodi, wanda Baba ke kira obin.

Ni ce babba a gidanmu, saboda haka ni ke bin Baba ranar Asabar in taya shi wanke-wanke. Ba a yarda in taɓa makunnan ba. Aikina shi ne in jira murhun ya huce, in goge jikinsa da tsumma har sai na ga fuskata a ciki. Ƙanwata, autarmu, tana goye a bayan Mama a lokacin. Ba ta taɓa shiga wannan kicin ba, ba ta ma san an yi shi ba.

Da Baturiyar za ta koma ƙasarsu sai ta bar wa Baba murhun. Aka ɗauko shi a amalanke, yara na bi suna ihu. To amma ina za a sami gas a ƙauye? Ita mota ce ke kawo mata tukwanen daga birni. Sai aka jingine shi a ɗakin ajiya kusa da rumbu. Mama ta riƙa kife ƙorai a kansa, wata kaza kuma ta gano obin ɗin ta mai da shi wurin ƙwai. Duk hutun da na zo daga makarantar horon malamai sai na leƙa shi. Farin yana komawa ruwan ƙasa, tsatsa na cin gefensa. A raina na riga na gama yanke hukunci: ranar da na yi gidana a birni, nawa ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba. Wa kuma zai so shi in ba ni ba?

Aiki ya kawo ni Maiduguri, ina koyarwa a firamare. Na auri wani akawu ɗan wajenmu, muka kama gida a Moduganari, ciki da falo da ɗan kicin a tsakar gida, ga bishiyar dogonyaro a ƙofa. Ƙanwata ta biyo ni daga baya. Karatu bai karɓe ta ba, ta zauna a wurina tana riƙe mini yara, har ta haɗu da wani makaniki mai gyaran motocin gwamnati a cocinmu. Suka yi aure suka tare a Maisandari, wadda a lokacin ita ce ƙarshen gari, kana fita ƙofarsu sai gonakin gero.

A farkon shekarun tamanin Mama ta rasu. Muka ga Baba ba zai iya zaman ƙauye shi kaɗai ba, aka shirya ya dawo wurina tunda ni ce babba. Tun kafin ya iso na share lungun kicin ɗina na dama, na kwashe buhun gawayi da tulu, na sa aka shafe wurin da siminti. Maigidana ya tambaye ni me za a ajiye a nan, na ce zai gani.

Motar ta iso da la'asar. Aka sauke gadon Baba na ƙarfe, da akwatinsa, da buhun dawa. Can ƙuryar motar na hango abin, an naɗe shi da tsohuwar tabarma an ɗaure da igiya, ƙafa ɗaya ta leƙo. Murna ta kama ni. Masu sauke kaya suka kai hannu, sai Baba ya ɗaga sandarsa.

"Ku bar wannan. Maisandari za shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Baba, ai na gyara masa wuri."

"Malama, ke kina da aiki," in ji shi. Malama yake kirana tun ranar da na kama alli. "Wata ya ƙare, gwamnati ta tuna da ke. Auta fa? Me ke hannunta? Ga shi mijinta ya san ƙarfe. In Allah ya sa abin nan ya tashi, sai in koya mata gashi, ta sami abin yi."

Da yarenmu ya faɗa, a hankali, kamar mai ba da labarin damina. Babu kuskure ko ɗaya a maganarsa, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Da zalunci ya yi da na sami abin riƙewa. Na tsaya a gindin dogonyaro ina kallo motar ta juya ta tafi da shi. Da na koma ciki na mai da buhun gawayin inda yake, a kan sabon simintin.

Daga nan rayuwar Baba ta rabu biyu. A gidana yake kwana, a gidana yake shan kunun safe, ni ke wanke masa kaya. Amma da na fita makaranta shi ma zai ɗauki sandarsa ya nemi mota zuwa Maisandari. Sai yamma ya dawo, hannuwansa baƙi ƙirin, yana warin kananzir, fuskarsa a sake irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar Mama. Ina zuba masa tuwo yana ba ni labari. Yau sun cire kawunan sun jiƙa a kananzir. Yau sun tarar zanzaro ya yi gini a cikin bututun, sai da suka zare wayar birki suka riƙa sokawa. Yau ɗansa ya samo maƙeri zai ƙera sabon ƙarfen ɗora tukunya, don ɗaya ya karye tun a ƙauye. Mijin ƙanwata yake kira ɗansa. Maigidana kuwa, wanda ke saya masa maganin ciwon gwiwa, sunansa bai wuce "Akawu" ba.

Nakan ce, "Madalla," in ƙara masa miya.

Wata Asabar na kasa daurewa. Na ƙulla kuka da daddawa a leda, na ce zan kai wa ƙanwata, ko da yake na san tana da su. Na tarar da su a tsakar gida, an shimfiɗa buhu, an baje murhun gunduwa-gunduwa kamar an yanka sa. Ga kawuna a gefe, ga makunnai an jera a faranti, ga ƙofar obin a jingine da bango. Mijin ƙanwata na tsugune yana goge tsatsa da sanfefa. Baba na zaune a kujera 'yar tsuguno yana nuna masa da baki. Ita kuma ƙanwata, da tsohon cikinta, ta sa toka da ruwan lemon tsami tana dirje jikin, farin na fitowa a hankali daga ƙarƙashin dattin shekaru.

"Yaya, zo ki gani," ta ce tana dariya. "Ashe fari ne!"

Ashe fari ne. Ni za ta gaya wa. Na ce mata toka za ta kankare masa sheƙi, tsumma mai laushi ake sa masa. Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bar ta, hannunta ba nauyi." Na zauna kaɗan, na sha ruwa, na ce ina da takardun yara da zan duba.

Gyaran ya ci watanni. Abin da ya fi ba su wahala shi ne ƙofar obin, wadda ba ta rufuwa ruf, da tiyon da ke kawo gas, wanda ya bushe ya tsattsage. Sai da wani direba ya zo musu da sabo daga Kano. Ranar da za a kunna, Lahadi ce bayan sujada, aka ce mu zo duka. Maigidana ya tsaya can bakin zaure da yara, don shi tun da ya ji labarin wata tukunyar gas da ta fashe a wani gari yake tsoron abin kamar maciji. Ni na shiga har ciki.

Sun ɗora shi a kan dakali a kicin. Na tsaya ina kallonsa. Shi ne, sak, kamar an ɗauko shi daga kicin ɗin Baturiya da safen nan, sai ɗan tabo baƙi a kusurwa inda fentin ya ɓalle. Mijin ƙanwata ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a duk mahaɗar tiyo, ya buɗe tukunyar, muka zuba ido. Baba ya ce in kumfa ya taso to gas na tsiyaya. Bai taso ba. Sai Baba ya zaro ashana daga aljihu. Ina tsaye dab da shi, kafaɗata na gogar tasa. Ya miƙa hannu ta gabana ya ba ƙanwata.

"Auta, ki fara ƙyasta ashanar, sannan ki murɗa. Kada ki taɓa juya wannan tsarin."

Ta karɓi ashanar. Ta ƙyasta, ta murɗa, sai ga wuta ta zagaye kan, shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙara sai ɗan huci. Ta yi tsalle da baya tana ihu, kowa ya sa dariya. Baba ya share ido da gefen rigarsa. Na yi tafi tare da kowa. A ranar suka gasa burodi na farko, ƙamshin ya cika unguwar har wata maƙwabciyarsu Babarbariya ta leƙo ta katanga tana gaisuwa da yarensu, "Wushe, wushe," tana tambaya ko biki ake. Aka yanko mini gefe mai ɓawo, wanda na fi so tun ina yarinya. Daɗinsa ya sa na ji kamar in yi kuka, kuma ba kukan daɗi ba.

Kafin shekara ta zagayo ƙanwata ta zama mai kek. Ta fara da ƙanana, ana kai wa masu shago. Sai wata a zumuntar mata ta ce ta yi wa 'yarta na aure, mai hawa biyu. Daga nan ba a biki a cocinmu sai da hannunta, har Musulmi ma'aikatan ofis suka fara aiko mata. Yarinyar da ni na koya wa ɗaura zani, ita ce yanzu mata ke tsayarwa a ƙofar coci suna rage murya suna roƙon ta sa su a layi. Ni kuma na sami sabon suna. A wajen wani biki wata mata ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce yayar mai kek, ko? Kai, kun ji daɗi a gidanku." Yaran da na koya wa karatu a unguwar nan sun fi a ƙirga, amma ba wanda ya taɓa tsayar da ƙanwata ya ce mata ke ce ƙanwar Malama.

Ban taɓa yi mata fatan sharri ba, wannan zan iya faɗa a gaban kowa. Da ta haihu ni na kwana da ita a asibiti. Amma duk ranar da ta aiko mana da kek a kwano, sai in ji abinci ya fita raina.

Na gwada yin nawa. Na ji mata na cewa ana zuba yashi a babbar tukunya, a ɗora a risho, a sa kwanon kek a ciki a rufe. Na jira ranar da Baba ya tafi Maisandari, na sayo fulawa da bota da ƙwai, na kwaɓa yadda nake tunawa yana yi. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuma ta zauna kamar kunu, ga warin kananzir ya kama shi. Ina tsaye ina kallon abin sai maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Bashuwa ce, matar wani dillalin shanu, doguwa, mai yawan turaren wuta da faɗin gaskiya. Ta gutsiri gefen da bai ƙone ba ta tauna.

"Malama, wannan na waye?"

"Na kaji ne," na ce.

Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta dube ni da kyau ta ce, "Saboda kek ɗin ƙanwarki ne, ko? Wallahi na sani. Ni ma babanmu da zai raba shanu, saniyar da na raina tun tana maraƙa, ni ke ba ta dusa da hannuna, ita ya ba ƙanwata. Ya ce mijina mai hali ne. Saniyar ta mutu tun tuni, ƙanwar tawa ta tsufa, amma har yau in na tuna sai in ji wani abu a nan." Ta nuna maƙogwaronta. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi addu'a ba. Ta ɗauki turminta ta fita. Tun daga ranar na ƙara sonta.

Shekaru suka ɗan tura. Sai aka yi wa mijin ƙanwata canjin wurin aiki zuwa Konduga, ya riƙa kula da motocin noma. Ɗaki ɗaya aka ba su, girki a waje, gas kuwa sai an shigo Maiduguri. Ta yi ta kuka. Wata yamma ta zo gidana ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafinta.

"Yaya, murhun nan. Ba inda zan sa shi a can. In na bar shi a gidan haya ɓeraye za su gama da shi. Ko za ki ajiye mini?"

Na ce, "To, sai in duba ko akwai wuri."

"Ajiya ce fa, Yaya. Da mun dawo zan ɗauka."

"Na ji. Ai ban ce kyauta ba ce."

Maigidana ya ce atafau ba za a shigo masa da bam gida ba. Muka yi kwanaki ba ma magana sosai. A ƙarshe mijin ƙanwata ya huda bangon kicin, ya fitar da tiyon waje, ya gina wa tukunyar ɗan akurki da bulo a bayan ɗaki. Maigidana ya zagaya ya duba, ya ce to, amma shi ba zai taɓa bi ta wannan lungun ba. Bai kuwa taɓa bi ba.

Haka murhun ya shigo kicin ɗina. Washegari da asuba na tashi kafin kowa, na ƙyasta ashana, na murɗa. Na dafa ruwan shayi kawai, ina tsaye ina kallon wutar. Na ɗauka daga ranar zuciyata za ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "A'a, murhun ƙanwarki ne wannan?" Yarana ma "murhun Anti" suke ce masa. Matan da suka saba sayen kek suka fara zuwa ƙofata, in na ce ba ta nan sai su ce, "Ke ba kya yi?" da irin muryar da ake tambayar mara lafiya.

Baba a lokacin gwiwoyinsa sun hana shi fita. Tunda murhun ya zo gida, sai ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar kicin. Ban roƙe shi ya koya mini ba, shi ma bai ce zai koya mini ba. Ina kwaɓi yana kallo, sai ya ce, "Ƙara buga botar. Auta sai botar ta yi fari take sa ƙwai." In na buɗe obin in leƙa, ya ce, "Rufe! Auta ba ta buɗewa sai ta ji ƙamshi ya canza." Ya nuna mini cewa ɓangaren hagu ya fi zafi, dole a juya kwanon in an yi rabi. Ya koya mini in sa hannu a ciki in ji zafin, don lambobin da ke jikin makunnin sun goge tun a ƙauye. Duk abin da na yi marmarin ji daga bakinsa tun ina goge wannan ƙarfen da tsumma, yanzu ina ji, amma kowace jimla da sunan Auta a cikinta.

Wata rana na gaji. Na ajiye muciya na ce, "Baba, ni ce fa na fara sanin murhun nan. Kafin a yaye Auta."

Ya dube ni, kamar yana neman abin a can nesa. Sannan ya ce, "Haka ne. Ke ce mai gogewa." Ya gyara zama. "Duba wutarki, ta yi yawa."

Iyakar abin da na samu ke nan.

Kek ɗina ya zo ya yi kyau, ba laifi, ana ci. Amma na san bai kai nata ba, nata yana da wani laushi da ban taɓa kamowa ba. Sai na bar mata kek na koma wani wajen. Na fara tuƙa tuwo a kan murhun, Baba na faɗa wai zan karya masa ƙarfe, ban fasa ba. Maƙwabciyata ta kawo mini cinyar rago wata Sallah, muka soke ta da wuƙa muka cusa tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, muka shafe da man shanu, muka rufe a obin da ƙaramar wuta tun hantsi har la'asar. Da muka buɗe, naman na zamewa daga ƙashi da kansa. Daga baya na gwada da manyan tarwaɗa da ake kawowa daga Baga, na kwantar da su kan albasa da tattasai. Wannan ba wanda ya koya mini, Baturiya ba ta taɓa ci ba, Auta ba ta taɓa yi ba.

Ranar da na fara ba Baba kifin, haƙoransa sun riga sun ƙare, sai ya ci a hankali da yatsu, ya tsotse ƙaya, ya miƙo kwanon.

"Akwai saura?"

Na ƙara masa. Na tsaya ina jira. Ya cinye, ya wanke hannu, ya ce, "In Auta ta zo ki nuna mata wannan."

Na ce to. Na ɗauki kwanon na shiga kicin na daɗe ban fito ba.

Baba ya rasu a gidana, cikin zafin bazara, bayan gajeriyar jinya. Ƙanwata ta iso daga Konduga ya riga ya daina magana. Muka kai shi ƙauye muka binne kusa da Mama. A kwanakin zaman makoki ni da ita muka yi ta girki a kan murhun, kafaɗa da kafaɗa, kawuna huɗu duk a kunne, ba mai ce wa wani komai sai "miƙo gishiri". Ban taɓa jin kusanci da ita kamar a kwanakin nan ba. Har na fara tunanin ko za ta ce, Yaya, bar shi a nan, ke kika yi jinyar Baba. Na ma shirya amsar da zan ba ta, yadda zan ɗan ƙi kafin in karɓa.

Bayan damina aka dawo da mijinta Maiduguri. Suka sami gida a Maisandari, ba nisa da na da. Ranar wata Asabar sai ga su da a-kori-kura. Ta shigo da fara'arta, ta kawo mini buhun gero da kaji biyu daga Konduga, ta durƙusa ta yi mini godiya sosai.

"Yaya, kin riƙe shi da kyau. Ya fi yadda na bar shi haske."

Na ce, "Ai ajiya ce."

Mijinta ya kwance tiyon, maza suka ciccibe shi suka fita. Maigidana har da taimakawa wajen ɗagawa, yana murmushin da ya kasa ɓoyewa. A bakin mota ƙanwata ta juyo ta ce, "Duk ranar da kike son gashi ki zo, gidanki ne." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ita duk tsawon shekarun nan ba ta san akwai wata magana ba, kuma na tabbata har yau ba ta sani ba.

Maigidana ya saya mini ƙaramin murhun gas na kan tebur daga baya, mai kai biyu, marar obin, wai tunda ramin tiyo na nan kada ya tafi a banza. Yana aiki lafiya. Ban taɓa zuwa Maisandari gashi ba. In na je nakan zauna a falo, mu yi hira, in ji ƙarar ƙofar obin daga kicin in ci gaba da maganata.

Kirsimetin shekarar ƙanwata ta aiko babbar 'yarta da kek a cikin kwano mai murfi, an rufe da farin ƙyalle. Yara suka kewaye ni. Na yanka, wuƙar ta shige kamar cikin bota, cikinsa rawaya, ko'ina ya gasu daidai, ba ƙuna ba ɗanye. Na raba musu, na ɗauki nawa na ci a tsaye. Na ƙara yanka wani na ci. Ƙaramin ɗana ya ɗago kai, bakinsa cike, ya ce, "Mama, na Anti ya yi daɗi, ko?"

Na ce, "Sukari ya ɗan yi yawa." Na rufe kwanon na ɗora a saman kabad, inda hannunsu ba ya kaiwa.